Tukunyar da Mama ta bari a kan wuta

Shekarun baya, lokacin da nake jin babu wanda ya kai ni sanin waya da kwamfuta a duk danginmu, na yi wa mahaifiyata wani alkawari da wannan bakin nawa da ba ya gajiya. Har yau idan na tuna shi sai gabana ya faɗi. Bari in ɗauko muku daga farko.

Mu 'yan asalin nan ne, ba zuwa muka yi ba. Tun kafin a yi tunanin kafa babban birnin tarayya a nan kakanninmu suke noman doya a wani gefe na Durumi. A gidan aka haife ni, a tsakar gidan kuma aka binne mahaifina, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, kamar yadda mutanenmu suka saba. Kullum da safe Mama za ta share wurin, ta jawo 'yar kujerarta ta zauna ta gaishe shi, ta ba shi labarin wadda ta haihu da waɗanda suka yi faɗa a bakin famfo. Mun saba da abin har ba ma lura.

Jan fentin da hukuma ta shafa a katangarmu, alamar za a rushe, shi ma mun saba da shi. Ya daɗe har ya koɗe, muka ɗauka an manta da mu. Ranar da katafila ta zo, ina shagon gyaran waya da nake aiki a kusa da tashar Jabi. Mama ta ɗora miya ta fita sayen gishiri, kafin ta dawo an kewaye unguwa, ba shiga ba fita. Da na iso na same ta a bakin titi riƙe da ƙullin gishirin, tana bin masu kaki ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi maganar kaya ba, ba ta ma yi maganar kabari ba. Abin da take ta maimaitawa shi ne, "Tukunyata tana kan wuta, ku bar ni in sauke." Ba wanda ya saurare ta.

Muka kama ɗakuna biyu a Jiwa. A nan Mama ta daina magana, ta daina cin abinci sai an yi da gaske. Matar da muryarta ke tada maƙwabta ta koma zama ta zuba wa bango ido. Wata safiya ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar banɗaki. A asibiti likita ya ce hawan jini ne, Allah ya taƙaita abin. Ya ja ni gefe ni da yayata, ya ce, "Ku kula. Kada ku bari wani abu ya sake girgiza ta haka. Na biyu ba ya zuwa da sauƙi." Yayata nas ce a wani ƙaramin asibiti, tun daga ranar ta ajiye na'urar awon jini a gidanmu. Ni kuwa maganar likitan ta zauna mini a ƙirji.

Ina da wani aboki da ke aiki a gidan wasan gem a bakin tafkin Jabi. Su ne masu irin na'urar nan ta VR da ake ɗaurawa a fuska, ka ga kanka a wata duniya kamar kana cikinta. A lokacin wani katafaren kamfani na ƙasar waje ya buɗe dandalin da kowa zai iya gina wurinsa, mutum ya shiga ya yi yawo a ciki. Wasu na gina gidan rawa, wasu filin ƙwallo. Abokina yana da hannu a wannan harkar. Wata rana ina nuna masa tsofaffin hotunan gidanmu a waya, sai ya ce, "Mutumina, ka san zan iya tayar da gidan nan?"

Na yi dariya, amma shi bai yi ba. Na samo na'urar, ta hannu, ya duƙufa. Da ya gama na ɗaura na shiga, wallahi sai da na dafa bango. Ga katanga, ga rumbu, ga mangwaro, ga tudun kabarin Baba.

Da na kai wa Mama, ƙememe ta ƙi. Ta ce, "Ni za ka mayar mai walda da tsufana?" Sai da yayata ta sa baki sannan Mama ta yarda. Muka zaunar da ita, na ɗaura mata, na ba ta abin riƙewa guda biyu a hannu. Na'urar tana haɗuwa da waya, na waje yana ganin abin da na ciki ke gani, don haka muna kallo tare. Ta daɗe ba ta motsa ba. Ni har na fara tsorata, na kai hannu zan cire. Sai muka ji ta ce, "Wane sakarai ne ya sa ƙofar kicin ta kalli yamma?"

Yayata ta fashe da kuka. Rabon da mu ji Mama ta zagi wani tun kafin rusau.

Daga nan abokina ya shiga uku. Duk ƙarshen mako sai ya zo Jiwa karɓar gyara. Mangwaron ya karkata hagu, ba dama ba. Rumbun ya yi tsayi. Murhun ba wuta, gidan mutuwa ne? Ya sa mata wuta da tukunya tana tafasa. Ta ce tana kai hannu tukunyar ba ta kamuwa, wane irin girki ne wannan? Ya koma ya gyara yadda za ta iya ɗaga tukunyar da ludayi da wani babban daro da ke jingine a bango, ta kuma iya buɗe ƙyaure ta rufe. Duk abin da ta motsa, idan ta fita ta dawo sai ta same shi ya koma wurinsa, wuta na ci, miya na tafasa. Ta sa wa na'urar suna madubi. Kullum da safe bayan ta yi addu'a sai ta ce, "Auta, kawo madubina." Ta shiga ta gaishe da Baba, ta juya miya, ta fito ta ci abinci da kyau. Jikinta ya dawo, faɗanta ya dawo, har maƙwabtan Jiwa suka san da zamanta.

Wata rana tana cire madubin ta tambaye ni, "Wannan gidan, filin na waye?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Mama, babu fili. A intanet yake."

"To intanet ɗin na waye? Kana da takarda?"

A nan ne na buɗe baki na yi alkawarin. Na ce kamfanin da ke riƙe da shi ya fi wasu ƙasashe ƙarfi, ba irin masu kwashe kaya su gudu ba ne. Na bugi ƙirji na ce, "Mama, wannan gidan babu katafilar da za ta taɓa shi har abada. Ni na gaya miki." Ta kalle ni ta ce to. Kuma da gaske nake, na yarda da su ɗari bisa ɗari. Ni da nake gyara wayoyin da kamfanoni suka daina yi wa kayan gyara, ban taɓa kawo wa raina cewa abin zai zo kaina ba.

Haka muka yi ta tafiya lafiya lau, damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Wata ranar aiki da hantsi ina cikin buɗe wayar wani direba, abokina ya kira. Ko gaisuwa babu, ya ce, "Oga, ka duba imel ɗinka?"

Na duba. Saƙon ya fara da godiya. Sun gode mana da muka kasance tare da su a wannan kyakkyawar tafiya. Sai can ƙasa suka ce sun yanke shawarar mayar da hankali kan wasu abubuwa, don haka za a rufe dandalin a ƙarshen watan gobe. Gini da gyara kuwa an tsayar tun daga ranar. Na karanta na sake karantawa, har sukudireba ta suɓuce mini ta faɗi ƙasa. Direban ya ce, "Lafiya dai? Mutuwa aka yi?" Na ce masa tukuna.

Babu abin da ba mu gwada ba. Abokina ya nemi hanyar sauke gidan ya ajiye a kwamfutarsa, babu. Ashe tun ranar da muka danna "na yarda" ba tare da karantawa ba, duk abin da muka gina a wurinsu yake zaune, mu baƙi ne kawai. Na rubuta musu da mafi kyawun Turancina, na ba su labarin Mama da kabari da maganar likita. Amsa ta dawo nan take, ta inji ce, tana cewa sun fahimci damuwata, wai taurari nawa zan ba su na yabon aikinsu. Muka ɗauki bidiyon gidan lungu-lungu, amma da na kalla a waya na san ba zai yi ba. Bidiyo kallo ne, ba ka iya zama a cikinsa.

Yayata da ta ji, ta wanke ni tas. "Kai ka ɗaura mata, sai ka san yadda za ka kwance. Idan wani abu ya sami matar nan, ni da kai ne." Da ta huce ta ce mu ce madubin ya lalace. Na ce, Yaya, ni fa mai gyara ne, kullum sai ta tambaye ni ina aka kwana, in kuma na sayo wani me zan nuna mata a ciki? Muka rasa mafita. Kowace safiya Mama ta ce kawo madubina, ni kuwa in miƙa mata. Ina kallonta tana hira da Baba tana dariya, ni kuma maganar likita ce kawai ke yawo a kaina.

Sai dandalin ya fara lalacewa tun kafin ranar, da alama sun janye masu kula da shi. Wataran gidan ya daɗe bai buɗe ba, wataran katanga ta riƙa rawa. Wata safiya Mama ta shiga, ina tsaye da waya a hannu, sai na ga tsakar gida fayau. Mangwaron bai fito ba, kabarin ma babu, sai fili. Mama ta ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ta miƙe tana lalube da hannu. "Sun zo! Auta, sun zo!" Na fizge madubin na rungume ta. Na ce netwok ne, Mama, netwok ne. Da muka sake kunnawa bishiyar ta dawo, amma na san ɓoyo ya ƙare. In har ranar ƙarshe ta same ta a haka ba shiri, kashe ta za mu yi da hannunmu.

Ranar Lahadi bayan mun dawo daga coci muka zaunar da ita. Yayata ta ajiye na'urar awon jini kusa da ƙafarta, ta kuma yi wa mai keke napep magana ya jira a waje ko da za a ruga asibiti. Na durƙusa na gaya wa Mama komai. Na shirya wa kuka, na shirya wa zagi, ina ma fatan zagin. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Yaushe?" Na faɗa mata. Ta ce, "Wannan karon sun faɗi rana." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Shirun nan ya dawo, irin na farko sak. Ta daina neman madubi. Abinci sai ta taɓa ta ture. Jininta ya hau, yayata ta ƙara mata magani, ta daina yi mini magana sai da harara. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. A shago waya na ƙara sai in zabura, in ga sunan yayata sai in kasa ɗauka. Da rana tsaka sai in rufe shago in hau mota zuwa Jiwa don kawai in leƙa in ga ƙirjinta yana motsi idan ta kishingiɗa. Ogana ya ce in ba zan yi aiki ba in faɗa masa. Ban ma ji haushi ba, hankalina ba ya wurin.

Ana jibi za a rufe, Mama ta kira ni. "Kira mini abokinka."

Ya zo da yamma, ya durƙusa ya gaishe ta, duk ya tsargu kamar shi ne mai kamfanin. Ta ce, "Ɗana, ka yi mini aiki, Allah ya yi maka albarka. Saura abu ɗaya. Ka kashe mini wutar murhun nan. Ba a barin gida da wuta tana ci. Wancan na bar shi da wuta, wannan ba zan bari ba."

Abokina ya kalle ni, na kalli ƙasa. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. Sun kulle gyara. Ko tsinke ba zan iya cirewa ba yanzu."

Na ga hannun yayata ya nufi na'urar awon jini. Mama ta dubi abokina. Can ta ce, "Daron nan yana ɗaguwa har yanzu?" Ya ce yana ɗaguwa. Ta ce, "To shi ke nan. Jibi da safe ku zo."

Safiyar ranar ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa biki da shi. Muka ture kujeru gefe don ta sami wuri. Addu'ata ɗaya ce, Allah ya sa gidan ya buɗe, Allah ya sa mangwaron ya fito. Abin ya yi ta juyawa yana juyawa. Sai ya buɗe, komai yana nan.

Abokina ne ya riƙe wayar. Ni rabin idona a kanta, rabi a fuskar Mama, hannuna a bayanta ko da za ta faɗi. Ta fara da ɗakinta, ta leƙa ta ja ƙofa. Ta leƙa rumbu. Sannan ta je gindin mangwaro ta tsaya, ta yi wa Baba magana da yarenmu. Ta ce ta zo ne ta gaya masa za ta tafi. Wancan karon ba ta yi masa sallama ba, ba da sonta ba ne, hana ta aka yi. Ta yi ƙasa da murya ta ci gaba, ban ji sauran ba, don a lokacin ƙafarta ta ɗan girgiza, ni da yayata muka matso a tare. Ta ɗaga mana hannu alamar mu bar ta.

Ta nufi kicin. Ta kama tukunyar da hannu biyu ta sauke ta ƙasa a hankali, yadda ake sauke mai zafi. Ta ɗauko daron ta kife shi a kan murhu. Wani ɗan haske yana leƙowa ta gefe, na ji abokina ya ja numfashi. Mama ta tsaya ta dube shi, ta ce, "Zai mutu da kansa, ba iska." Sai ta sunkuya ta ɗauki tukunyar ta ɗora a kafaɗa, yadda matanmu ke ɗaukar kaya, don mu ba ma ɗora kaya a ka. A falonmu na Jiwa tsohuwa ce tsaye da hannu a kafaɗa ba komai a ciki, amma babu wanda ya yi dariya. Ta ratsa tsakar gida, ta fita, ta juyo ta ja ƙyaure ta rufe.

Da kanta ta cire madubin ta miƙo mini. Idonta ya yi ja amma ba hawaye. Yayata ta yi wuf ta ɗaura mata awo, duk muka zuba wa na'urar ido. Ta ce ya ɗan hau, amma ba abin tsoro ba ne. Ta sake aunawa don ba ta yarda ba. Mama ta fizge hannunta ta ce, "Ke, za ki tsinke mini hannu ne? Akwai sauran tuwon jiya? A ɗumama mini."

Na zauna a ƙasa daɓas. Mama ta cinye tuwon nan tas, har ta ce miyar ba gishiri.

Washegari da safe, ban san abin da ya kai ni ba, na ɗauki madubin na ɗaura. Babu gida, babu katanga, sai fili mai launin toka da rubutu yana cewa an rufe, sun gode. A nan ne abin ya faɗo mini. Na daɗe rabona da shiga gidan da kaina. Duk tsawon lokacin nan fuskar Mama nake gadi, na manta cewa kabarin na ubana ne, gidan kuma a cikinsa na yi rarrafe. Ita ta yi sallama, ni ban yi ba. Ƙato da ni na zauna da madubi a fuska ina kuka kamar yaron da aka bari a tasha.

Ban ji shigowarta ba, sai ji na yi an zare mini shi daga ka. Ta dube ni ta ce, "Share fuskarka. Na gaya masa har da kai. Na san ba za ka tuna ba, kai sai surutu."

Mama tana nan da ranta, tana noman 'yar gyaɗarta a bayan gida, tana addabar maƙwabta. Ba ta sake tambayar madubi ba, yana cikin akwati. Abokina ya ce akwai wani sabon dandali da ya fi wancan kyau, zai iya sake gina gidan daga bidiyon. Na ce ya bari. Ba wai na tsani abin ba ne, gidan nan shi ya tayar mini da uwa daga kwance, ba zan yi masa butulci ba. Amma na ɗora ran mahaifiyata a kan abin da wasu mutane da ba su san da ita ba za su iya kashewa a taron ofis, kuma na yi hakan ina bugun ƙirji. Wannan har yau yana ba ni tsoro.

Yanzu idan mutum ya zo shago ya ce in tura masa hotunan 'ya'yansa ko muryar marigayin babansa intanet don kada su ɓata, ina tura masa. Amma sai na ce ya je ya wanke hotunan a takarda, ya kuma ajiye wani kwafi a hannunsa. Wasu su ce, oga, kamfanin nan ai ba ya mutuwa. Ba na musu da su, tambayar Mama kawai nake yi musu, filin na waye? Ni dai har gobe idan saƙo ya shigo wayata ya fara da godiya, sai na nemi wurin zama kafin in karanta sauran.